Mariƙin Ƙofar Fijo: Tarihin Masana'antar da Ta Tsaya a Rabin Hanya

A kan titin da ya fita daga Sakkwato ya ratsa ƙasar Boɗinga, inda Sifawa take, ya wuce Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, har yau akan ci karo jefi-jefi da tsohuwar Peugeot 504, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna Fijo. Galibi a-kori-kura ce, ta sha lodin albasa ko buhunan gero ranar kasuwa. Injinta yana tashi, giyarta tana shiga, birkinta yana kamawa gwargwadon hali. Sai dai idan direba ya zo shiga, yakan zura hannu ta taga ya buɗe ƙofar daga ciki, domin mariƙin waje ya karye tun shekarun baya. Wani kuma ya ɗaura waya a gurbinsa, ya naɗe bakinta da tsumma don kada ta yanke masa yatsa.

Abin ya zama jiki har ba a tambaya. Amma akwai abin tambaya a ciki. Motar da aka haɗa a Kaduna shekara talatin, wadda kanikawan Arewa suka san injinta kamar yunwar cikinsu, me ya sa ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba ya gagari gyara? Amsar ta bi ta Faransa da Kano da Kaduna, ta kuma bi ta garin Shagari kansa.

Abin da ke bayan mariƙi

Aikin mariƙin waje ɗaya ne: idan aka danna shi ko aka ja shi, sai ya motsa wani siririn sandan ƙarfe da ke ɓoye cikin ƙofa, sandan ya saki sakatar da ta kama jikin mota, sannan ɗan sifirin ya mayar da mariƙin mazauninsa. Sauya shi ba ya cin bakanike lokaci mai tsawo. Yakan ɗaga gilas sama, ya cire abin murɗa gilas da majinginin hannu, ya ɓamɓare kwalin da ya rufe ƙofa ta ciki, ya zura hannu ta ramin da aka bari a jikin kwano, ya zare sandan daga maƙalinsa, ya kwance notin da suka riƙe mariƙin, ya zaro shi ta waje. Sabon yana shiga ta hanyar da tsohon ya fito. Gwanin bakanike ba ya rufe ƙofar sai ya gwada sakatar da sukudireba ya ga tana saki, domin idan aka rufe alhali sandan bai zauna daidai ba, ƙofar na iya ƙin buɗuwa ta ciki da ta waje baki ɗaya.

Wahalar tana wajen samun mariƙin. Yawancin mariƙan motocin wancan zamani an yi su ne da wani gamin ƙarfe da ake kira zamak, wanda wani kamfanin Amurka, New Jersey Zinc, ya fito da shi a 1929. Kusan dukkansa tutiya ce, da alminiyam kimanin kashi 4 cikin 100, da ɗan magniziyam da jan ƙarfe. Ana narkar da shi a tura shi da ƙarfin inji cikin mazubin ƙarfe mai tauri, ya fito da siffarsa cikakkiya cikin daƙiƙoƙi, sannan a lulluɓe shi da jan ƙarfe, da nikel, da kurom mai sheƙi. Yana narkewa a zafin da bai kai digiri 400 ba, alhali alminiyam sai ya kai 660, baƙin ƙarfe kuwa sai an haura 1,400. Saboda haka mai waldar da ke iya haɗa karyayyen shasi, idan ya kusanto da wutarsa ga mariƙin zamak, sai ya ga abin ya zube kamar kitse a kasko. Ga shi kuma idan ya tsufa, kurom ɗin ya tsage, laima ta shiga, sai ya yi ƙuraje ya yi gautsi, ya karye a daidai inda yatsu suke ja kullum.

Mariƙin da ya karye, ke nan, sai dai a sauya shi. Sauyi kuma yana bukatar wani ya zuba sabo, zubin yana bukatar mazubi, mazubin kuwa yana cin kuɗin da ba ya dawowa sai an sayar da dubban mariƙai.

Motar tsere da mariƙin aro

Wannan lissafi bai bar ko masu ƙera motocin tsere na Turai ba. Lokacin da kamfanin Lotus na Ingila ya fito da Esprit a 1976, motar da ta yi suna a fim ɗin James Bond na 1977, mariƙin ƙofarta na Morris Marina ne, motar iyali ta talakawa da ta fito a 1971. Ƙaramin kamfani da ke ƙera motoci ƙalilan a shekara ba zai iya biyan kuɗin mazubin mariƙi nasa na kansa ba, sai ya saya daga mai ƙera dubban ɗaruruwa. Mariƙin nan na Marina ya hau ƙofar Range Rover mai ƙofa huɗu ma. Ashe ko a ƙasar da ta ƙoshi da masana'antu, ƙaramin abu shi ne mai wuyar mallaka.

Fijo 504 ita ma tana da 'yar'uwa ta tsere. An ƙaddamar da 504 a birnin Faris a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. A shekarar ce kuma aka fito da mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ya tsara jikinsu. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka da 504 mai ƙofa huɗu. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar da mai ƙofa biyu mai injin silinda shida, ya kuma ci gasar Bandama ta ƙasar Kwaddibuwa a shekarar. Waɗannan nasarori a kan laka da gargada su suka tabbatar wa Afirka cewa an yi motar ne domin irin hanyoyinta.

Mariƙin nata ma yana da tarihinsa. Motocin farko sun zo da mariƙi mai turowa waje, mai maɓallin dannawa da babban yatsa. A tsakiyar shekarun 1970 aka koma ga wanda ya nutse cikin jikin ƙofa, a daidai lokacin da ƙasashen kasuwar Turai suka kafa doka, a 1974, kan abubuwan da ke turowa daga jikin mota, don kada su kama tufafin mai tafiya a ƙasa ko su ji masa rauni. Shi ya sa mai tsohuwar Fijo ba zai ce wa mai shago mariƙin 504 kawai yake so ba. Sai ya faɗi wane iri, na gaba ko na baya, na dama ko na hagu.

Kakuri, 1975

Bayan yaƙin basasa, kuɗin man fetur ya fara kwarara, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙudiri kafa masana'antun haɗa motoci da haɗin gwiwar kamfanonin Turai. Aka yi wa Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a 1972, masana'antarsa ta fara aiki a Kakuri da ke Kaduna a 1975. Volkswagen ya sauka a Legas. Manyan motoci kuwa aka raba su: Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Mercedes a Enugu, Fiat a Kano. Kwamishinan kuɗi na tarayya a waɗannan shekaru, daga 1971 zuwa 1975, shi ne Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925. Bayan ya bar wannan kujera ya riƙe shugabancin hukumar daraktocin PAN, kafin ya zama shugaban ƙasa a ranar 1 ga Oktoba, 1979.

Kasuwa ta buɗe wa Fijo ta ko'ina. Ƙarin albashin Udoji, da bashin watannin baya da aka biya a dunƙule a farkon 1975, ya sa kuɗi a aljihun ma'aikata, ga kuma rancen sayen mota. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage alfarma, ta mayar da Fijo motar jami'an gwamnati. Sakatare da alƙali da shugaban makaranta duk Fijo suke hawa. Mai dogon baya ta zama motar haya tsakanin manyan garuruwa, a-kori-kura ta zama jakar 'yan kasuwar ƙauye. Kakuri ta kai ga fitar da dubun-dubatar motoci a shekara.

Sai dai kalmar da ta dace da aikin Kakuri ita ce haɗawa. Sassan motar suna zuwa ne daga Faransa a cikin akwatuna. A shekarar da aka buɗe masana'antar, tashar jiragen ruwa ta Legas ta toshe da jirage sama da 400, mafi yawansu ɗauke da simintin da gwamnati ta yi oda fiye da kima, wasu suna jiran watanni kafin a sauke su. Don kada aikin Kaduna ya tsaya, sai aka koma ɗauko sassan ta sama: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa tashi daga Lyon suna sauka a Kano, manyan motoci su kwashe zuwa Kaduna. An yi shekaru ana haka. Ƙasar da ke da arzikin ɗauko ƙofar mota ta jirgin sama ba ta jin matsin da zai sa ta koyi zuba mariƙin ƙofar.

Ba wai ba a yi tunanin abin ba. Yarjejeniyoyin sun tanadi cewa a hankali za a riƙa ƙara yawan sassan da ake yi a gida, kuma an samu ci gaba a abubuwa irin su taya da batir da kujeru da fenti da gilas. An kuma san cewa ba a yin mota sai da ƙarfe. Shugaba Shagari ya aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1980, ya buɗe ta Aladja a 1982, aka gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. Abin da bai samu ba shi ne matakin tsakiya: ɗaruruwan ƙananan masana'antu masu sassaƙa mazubi, masu zubi, masu shafa kurom, masu naɗa sifirin, waɗanda a Faransa su ne suke kewaye da babbar masana'antar Peugeot ta Sochaux suna ciyar da ita. An gina kan, an fara gina ƙafafu, aka bar gangar jiki.

Ranar da naira ta faɗi

Farashin mai ya fara sauka a 1981. A watan Afrilun 1982 gwamnatin Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu, aka ƙuntata shigo da kaya, lasisin shigo da sassa ya zama abin nema. Mutumin da ya taɓa shugabantar kamfanin shi ne ƙaddara ta sa ya sa hannu a kan dokar da ta rage masa numfashi, domin baitulmali ba shi da kuɗin waje da zai ci gaba da biya. Sojoji suka kifar da gwamnatinsa a ranar 31 ga Disamba, 1983. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, kuma a watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje. Nairar da ta fi dala daraja a 1980 ta koma sai an ba da wajen 4 kafin a samu dala ɗaya, kuma daga nan ba ta sake miƙewa ba.

Tunda kusan kowane muhimmin sashe na Fijo da kuɗin Faransa ake sayensa, farashinta ya bi dala ya haura. Sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da akawu. Gurbin ya cika da tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar Kwatano a shigo da su ta kan iyaka, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. A Turai an daina ƙera 504 mai ƙofa huɗu tun 1983. Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006, ta zama wuri na ƙarshe a duniya da ya sallami motar da aka ƙera sama da miliyan 3 nata. A shekarar ce gwamnati ta sayar da hannun jarinta na PAN ga 'yan kasuwa, kuma a 2012 hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe ragamarsa. Michelin ya rufe masana'antar tayarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas. Hatta ɗan abin da aka samu na sassan gida ya zube.

Masu riƙe da ragowar

Motocin dai ba su mutu tare da masana'antar ba. Waɗanda suka raya su mutane ne da ba su cikin kowace yarjejeniya. A kasuwar Panteka ta Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano, ana farke matacciyar mota a jera sassanta, ƙofa a nan, fitila a can, mariƙai a cikin tsohon bokiti. 'Yan gwangwan suna bin ƙauyuka suna sayen gawar mota. A Nnewi da ke jihar Anambra, 'yan kasuwar kayan gyara sun wuce saye da sayarwa, suka shigo da injina daga Taiwan a shekarun 1980 suka fara ƙera wasu sassan da kansu, abin da ya nuna cewa matakin tsakiyar nan ba gagararre ba ne. Daga baya mariƙan roba na Sin suka cika shaguna, masu araha, waɗanda zafin bazarar Sakkwato ke busar da su su karye kafin a je ko'ina.

Mai Fijo a Sifawa ko Boɗinga, idan mariƙinsa ya karye, zaɓinsa bai wuce huɗu ba: ya aika Sakkwato ko Kano a nemo masa na gawar wata motar, wanda shi ma ya tsufa, ya sayi na roba, ya kai wa mai zuba tukwanen alminiyam ya danna tsohon cikin yashi ya zuba masa kwatankwacinsa, a goge da zarto har ya shiga, ko ya ɗaura waya. Zubin yashi yana fitar da siffa, amma ba ya fitar da daidaiton ramukan da sifirin da ƙusa za su zauna, don haka akan samu mariƙi mai kyan gani da ba ya komawa mazauninsa. Hikimar hannu tana nan. Abin da babu shi ne mazubin da zai mayar da hikimar mutum ɗaya ta zama mariƙi dubu iri ɗaya.

A Turai labarin ya bi wata hanya. An rufe masana'antar MG ta Abingdon a 1980, amma ba a narkar da kayan aikinta ba. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon jikin motar tsere ta MGB da ainihin mazuban da aka yi amfani da su tun farko. Mai MGB a yau yana iya yin odar mariƙi, a tambaye shi ko na ja ne, irin na kafin 1965, ko na dannawa. Peugeot ya buɗe gidan tarihinsa a Sochaux a 1988, yana kuma sayar da sassan tsofaffin motocinsa. Porsche ya sanar a 2018 cewa ya fara fitar da wasu sassan da suka ɓace da na'urar da ke gina abu daga zanen kwamfuta. A can, tsohuwar mota dukiya ce da ake gado, har 504 mai ƙofa biyu ta zama abin farautar masu tara motoci. A nan kuwa, da yawa daga Fijon Kaduna sun ƙare a ma'aunin 'yan gwangwan, an narkar da su an yi rodi.

Tsohon darasi daga ƙasar Sifawa

Ƙasar da wannan titi ya ratsa ta taɓa jin irin wannan magana. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa bayan an ci Alƙalawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma yana kusa da shi a Boɗinga. Ɗansa Muhammadu Bello, a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, irin su maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, tare da tabbatar da cewa kowane gari yana da nasa. Unguwar Maƙera Assada da ke cikin Sakkwato shaida ce ta yadda aka ɗauki abin da gaske. Masu wancan zamani sun san cewa mai doki ba ya cika mai doki sai akwai wanda zai ƙera masa linzami da likkafa a kusa.

Shirin 1975 ya kawo dokin, ya bar linzamin a Faransa. Yau an sake ɗaura ɗamara: manufar bunƙasa masana'antar motoci ta 2013 ta ƙara haraji kan motocin waje, an ba kamfanoni da dama lasisin haɗawa, kuma kamfanin Dangote Peugeot ya fara fitar da motoci a Kaduna a 2022. Ranar buɗe irin waɗannan wurare akan ƙirga motoci nawa za su fito a rana. Tarihin Kakuri yana nuna cewa akwai ƙidayar da ta fi wannan amfani, wato sassa nawa ne daga cikin dubban da ke jikin motar aka zuba, aka buga, aka naɗa a cikin ƙasa, kuma mazubansu a hannun wa suke. Zanen aro ba ya rufe katara, komai kyansa.

An binne Shehu Shagari a garinsu a watan Disambar 2018, kusa da titin da Fijon Kaduna suka yi shekaru arba'in suna bi. Waɗanda suka rage a cikinsu suna wucewa ranar kasuwa, injin yana ruri kamar jiya aka haɗa shi, direba kuma idan ya tsaya shan shayi a Boɗinga yakan bar gilas a sauke, domin ta nan zai buɗe ƙofarsa.